Kurakuran da Sabbin Malaman Tattalin Arziki Suke Yawan Tafkawa

Babban abin da ke kada matasan lakcarorinmu na tattalin arziki shi ne ɗaukar alƙaluma ido rufe. Mutum zai kwaso data daga NBS (hukumar ƙididdiga ta ƙasa) ko CBN (Babban Bankin Najeriya) ya watsa cikin manhajar nazarin alƙaluma ta Stata, sakamako ya fito da taurari, wato alamar da ke nuna sakamakon yana da ƙarfi a lissafi, ya hau murna, bai taɓa tambayar yadda aka tattara lambobin ba. Dubi rashin aikin yi, na ƙarshen 2020 NBS ta ce kashi 33.3 ne, na farkon 2023 kuma ta ce 4.1, ba wai ayyuka ne suka zubo daga sama ba, ma'aunin aka canza, yanzu ko awa ɗaya ka yi aiki a sati an lissafa ka mai aiki. Haka a 2014 da aka sake lissafin GDP, wato jimillar abin da ƙasa ke samarwa, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu dare ɗaya. To wanda ya jera waɗannan shekaru a layi guda kamar abu ɗaya ne ai shirme zai rubuta. Ka karanta bayanin hanyar da aka bi kafin ka taɓa kwamfuta, in an canza ma'auni ka faɗa a takardarka.

Sai gaggawar ƙarin girma, a biya kuɗi wata mujallar da ba wanda ya san ta ta buga cikin sati biyu. Gara ka kai aikinka taron Nigerian Economic Society (ƙungiyar masana tattalin arzikin Najeriya) ko AERC (cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka) ta Nairobi a caccake shi, da zafi kam, amma a nan ake koyo.

Aji kuma don Allah a daina karanto tsohon handawut. Ɗaliban nan sun ga yadda cire tallafin mai a Mayun 2023 ya taɓa kuɗin mota da kwanon masara, fara darasin hauhawar farashi daga nan.

In gwamnati ta kira ka ba da shawara kada ka kai wa kwamishina shafi arba'in cike da lissafi, wallahi ba zai karanta ba. Shafi biyu, me za a yi, nawa zai ci, wa zai ji jiki. Kuma kada ka lanƙwasa sakamako don ya yi wa oga daɗi, shi zai sauka, takardar kuwa da sunanka za ta zauna.