Yadda Ake Ɗaure Sukuru Da Sukundireba Mai Awon Ƙarfi

Ana tsakiyar zafin Afrilu aka kira ni wani gida a Pantami, nan cikin Gombe, wai inbata na ta ɗaukewa, akwatin bireka kuma na warin ƙuna. Da na buɗe, bakin bireka ɗaya ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke. Waya lafiyarta ƙalau, lodi bai wuce ƙima ba. Sukurun da ke riƙe wayar ne bai ɗauru ba, wuta na bi ta ɗan ƙaramin wuri tana haifar da zafi. Matsewa fiye da kima ma illa ce: ko zaren sukuru ya cinye, ko silin wayar ya tsinke.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwa masu sola da wayarin su nemi sukundireba mai awon ƙarfi, wadda muke ce wa tok. Akwai wadda kamfani ya saita a kan lamba ɗaya tak, ta masu ɗaure abu iri ɗaya ce kullum. Akwai mai allura kamar agogo, tana nuna ƙarfin da ka sa amma ba ta tsayar da kai. Akwai mai allon lambobi da ke ƙara idan an kai, sai dai tsada. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce mai sauyawa, mai lambobi a jikin mariƙi. In aikin wuta ne, nemi mai rufin roba da aka rubuta wa 1000V, mai kamawa daga 0.8 zuwa 5 N·m (wato niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin murɗawa).

Da farko kashe wuta, har ɓangaren batir da na fanel, domin fanel na ba da wuta muddin akwai rana. Sai ka nemi lambar ɗauri a jikin bireka ko a takardar da ta zo da kayan. Yawancin ƙananan bireka 2 zuwa 2.5 N·m suke so, manya sun fi haka. Kayan Amurka kan zo da wani ma'auni da ake rubutawa in-lb, to ka raba lambar da 8.85, ka sami N·m.

Daga nan sai zaɓen baki, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure. PH2 da PZ2 duk sita muke kiransu, amma ba ɗaya ba ne. Mai PZ yana da ƙananan layuka huɗu tsakanin manyan, shi ne yawancin bireka ke buƙata. Ka sa PH a kan sukurun PZ, sai ya riƙa zamewa yana cin kan sukuru, awon ma ya tashi a banza.

Murɗa mariƙin zuwa lambar da kake so. Fere wayar daidai, ka tura ta har ƙarshe, ka tabbata robar ba ta shiga ƙarƙashin sukuru ba. Riƙe sukundirebar a miƙe, ka murɗa a hankali ba da fizga ba. Da ka ji ta yi ƙas ta zame, dakata, kada ka ce bari in ƙara kaɗan. Ɗan ja wayar ka ji ko ta kamu.

In ka gama, mayar da ita kan lamba mafi ƙanƙanta don sifirin ɗinta ya huta. Kada ka kwance sukuru mai tsatsa da ita, kada ka jefa ta cikin buhun kaya tare da guduma. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kayan awon ɗauri, ISO 6789, ta ce a sake auna ingancinta bayan wata 12 ko ɗauri 5,000, duk wanda ya riga zuwa.

Notin kan manyan batura kuwa sau da yawa ya fi ƙarfinta, wannan aikin sifana mai awo ne.