Yadda Ake Gyara Hoton Kaya Kafin a Ɗora Shi a Intanet

Mai sayar da atamfa ko shadda ta WhatsApp ya san cewa hoto ne ke fara yi masa ciniki tun kafin mai saye ya tambayi farashi, saboda haka gyaran da za a yi wa hoton bai kamata ya wuce wanda zai fito da kayan yadda suke a zahiri ba. Manhajar hotuna da ta zo da waya ta isa wannan aiki, haka ma Snapseed wadda kamfanin Google ke bayarwa kyauta.

Kafin a taɓa komai, a ajiye hoton asali gefe guda, a yi aiki a kan kwafinsa. Dalili kuwa shi ne, fayil ɗin JPEG, wato nau'in fayil da aka fi adana hoto a cikinsa, yana rasa wani abu daga ingancinsa duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Sai datsewa. A yanke gefen katifa, da silifas ɗin da ke bakin ƙofa, da wayar caja da ta leƙo ta kusurwa, har sai yadin ya cika idon mai kallo. Idan hoton ya karkace, a miƙe shi ta bin layin bango ko bakin tebur. Wanda za a ɗora a Instagram ya fi zama daidai a siffar 4:5, wato fiksel (ƙananan ɗigo-ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 1080 a faɗi da 1350 a tsawo, na sitatus kuwa 9:16 ne, wato 1080 da 1920.

Haske da launi su ne inda aka fi yin ɓarna. Farar shadda da aka ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja takan fito kamar ta sha ƙurar hunturu, kuma ƙara haske kaɗai ba ya maganin wannan. Abin da ake gyarawa shi ne ɗumin launi, a ja ma'auninsa zuwa ɓangaren shuɗi sannu a hankali har farin ya koma fari. Wanda ya ajiye farar takarda kusa da yadin lokacin ɗauka ya sauƙaƙa wa kansa, domin da ita zai gane inda ya kamata ya tsaya, daga baya ya datse ta. Idan ƙyallin shaddar ya haɗiye zanen da ke jikinta, a rage hasken wuraren da suka yi fari fat, a ɗan ɗaga wuraren da suka yi duhu. Ma'aunin kaifin launi kuwa, a ganina gara a bar shi inda yake, domin shi ne ke mai da ruwan goro ya koma ja wur, mai saye ya karɓi saƙo ya ce ba wannan ya zaɓa ba. Filta ma haka take. Kafin a adana, a je bakin taga da yadin a hannu, a kwatanta shi da abin da ke fuskar waya.

Kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai fiksel kusan 4000 da 3000, wanda nauyinsa kan kai megabait uku ko fiye. A rage faɗinsa zuwa 1080 ko 1600, a adana shi a JPEG da inganci kashi 80 cikin ɗari, zai buɗe da wuri ko da sabis ya yi rauni, kuma ba zai cinye datar mai kallo ba. Jerin farashi da tambarin shago sun fi fitowa tsaf a PNG, wani nau'in fayil na hoto, saboda JPEG yana dusashe gefen haruffa.

WhatsApp yana matse hoto da kansa idan an tura shi, sai dai tun shekarar 2023 ya samar da maɓallin HD da ke rage wannan matsi. Mai son hoto ya isa yadda yake sai ya tura shi a matsayin fayil, amma a nan akwai abin lura: fayil yana tafiya da bayanan da kyamara ta ɓoye a cikinsa, kamar ranar ɗauka da samfurin waya, har da wurin da aka tsaya idan GPS na kunne. Wadda ke ɗaukar kayanta a tsakar gidanta ta shiga saitin kyamara ta kashe alamar wuri kafin ta ɗauki hoto na gaba.