Kurakuran sababbin maharba wajen sayen baka, har da wanda ya ci mini kafaɗa

A wannan kakar kaɗai, mutum uku cikin 'yan uwanmu na nan Kolombus, jihar Ohayo ta Amurka, sun kawo mini bakan da suka saya in duba musu. Su ukun ciwonsu ɗaya: bakan ya fi ƙarfin mai shi. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya a gareji, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Bakan zamani nake nufi, mai 'yan tayoyi a ƙarshen hannayensa biyu, wanda ake kira kampawun. Wani mutumin jihar Mizuri, Holless Wilbur Allen, ya ƙirƙiro shi, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1969. Wanda ya tashi yana ganin kwari da bakan maharban ƙauye sai ya ɗauka duk kanwar ja ce. Ina! Bakan gida za ka ja shi iya inda hannunka ya kai ka saki, dafin kwankwani da ke bakin kibiya ya ƙarasa aikin. Wannan kuwa yana da bango, akwai inda tsirkiya ke tsayawa cak, ko ka kai ƙarfin wa ba za ta ƙara ba. Dafi kuma dokar farautar nan ta hana shi. Abin dogaronka kawai kaifin bakin kibiya da inda ka sa ta.

Kuskure na farko, wanda ya fi kowanne tsada, shi ne tsawon ja. Tazarar da tsirkiya ke yi kafin ta kai bangon nan dole ta dace da tsawon hannuwanka. Awon ba wuya: ka tsaya ka buɗe hannuwa, wani ya auna daga kan ɗan yatsan tsakiya na dama zuwa na hagu da inci, a raba da 2.5. Nawa inci 65 ne, wato jana inci 26. Ni gajere ne, tun ina makarantar allo na san haka. Amma bakana na farko na inci 29 ne. Na saye shi na hannu, a wurin wani dogon mutum da ya tallata a intanet, muka haɗu a filin ajiye motoci na wani kanti, na ja shi sau ɗaya na ji ya zo, na biya. Araha ce ta ja ni, ita kuwa ba ta ado.

Ga abin da inci ukun nan suka yi mini. In zan kai bango sai na miƙe hannun hagu sandararre, gwiwar hannun ta juyo ciki, in karkata kai baya kamar mai kallon jinjirin wata. Hannun dama maimakon ya zauna a muƙamuƙi sai ya wuce bayan kunne, inda babu ƙashin da zai jingina, yau nan gobe can. Duk harbi uku sai tsirkiya ta tsula mini bulala a damtse. Wata biyu ina yawo da shatar jini a hannu, ina ce wa kaina rashin sabo ne.

Sai ranar wata Asabar ta watan Nuwamba, a wani daji kudu maso gabashin jihar. Sanyi ya sa na jibga riga mai kauri. Barewa ta tsaya mini a yadi 20, ta ba ni haƙarƙari sosai, irin tsayuwar da maharbi ke roƙon Allah ya ba shi. Na yi bisimilla na saki. Tsirkiya ta kama hannun rigar, na ji "fat", kibiya ta kauce ta shige ta ciki maimakon huhu. Ni da abokina muka bi ɗigon jini da tocila, a kan busassun ganye, ɗigo nan ɗigo can, har wajen ƙarfe biyun dare jinin ya ɗauke. Gari ya waye muka koma, ba mu same ta ba. Ba naman ne ya dame ni ba. Dabba ce na jawo wa doguwar wahala saboda na ƙi ɓata minti biyar a auna ni. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma shi ya sa in na ga yaro yana miƙe wuya yana jan bakan da ya fi shi tsawo ba na iya yi masa magana a hankali.

Maganin da nake bi: lissafin 2.5 ɗin nan mafari ne kawai, sai ka je shagon da ke da wurin gwaji a sa maka baka a hannu. In ka kai bango, tsirkiya ta taɓa kan hancinka ba tare da ka kai mata kai ba, hannun hagu da ɗan lanƙwasa kaɗan. Ni har rabin inci nake ragewa a kan abin da awo ya ba ni, saboda rigar sanyi. Wasu gwanaye ba su yarda da ni ba a nan, suna cewa ina zubar da gudun kibiya a banza. Su je su yi ta gudun.

Na biyu nauyin ja, kuma nan ne girman kai ke shigowa da rawaninsa. Kowane sabon shiga so yake a ce bakansa laba 70 ne. Me ya sa? Don abokinsa na 70 ne. Nawa ma na farkon hakan yake. A cikin shago, jiki da ɗumi, ka ci ka ƙoshi, kowa na iya ɗaga baka sama ya murɗe baya ya fizgo 70 sau ɗaya. Je ka zauna awa huɗu a kujerar kan bishiya, yatsu sun ƙage, sannan ka ja shi sannu, ba motsi, barewa na yadi 15 tana kaɗa kunne. Na taɓa ja ya tsaya mini a rabi, na sake yunƙurawa da ƙarfin tsiya, na ji wani abu ya tsarga a kafaɗar dama. Wata biyar ina zuwa gashin ƙashi, ko jarkar ruwa ba na iya ɗagawa sama da kai, kuɗin da na kashe ya sayi baka biyu sababbi.

Alhali dokar Ohayo laba 40 kawai ta nema, a jihar Wiskonsin ma 30. Laba 50 da kibiya mai kaifi tana ratsa barewar nan ta fita ta ɗaya gefen in ka sa ta inda ya dace. Gwajin da nake yi wa duk wanda ya zo gareji shi ne in zaunar da shi a kujera, ya ɗaga ƙafafu daga ƙasa, ya nuna bakan gaba sak, ya ja. In sai ya ɗaga shi sama ko ya cije leɓe, ya yi masa nauyi, magana ta ƙare. Kada kuma a ruɗe ka da sauƙin riƙo. Gaskiya ne bakan da ke sauke kashi 80 cikin ɗari, in na laba 60 ne, laba 12 kawai za ka riƙe a bango. Amma kafin ka isa can sai ka haura tudun 60 ɗin gaba ɗaya, kuma a kan tudun ne kafaɗa ke tafiya.

Yanzu ga wadda ake jin kunyar faɗa. Bakan da nake farauta da shi shekara shida ke nan, na mata ne. Bayan na warke na je wani ƙaramin shago, dattijon da ke wurin ya auna ni, ya shiga ciki ya fito da baka uku, bai ce mini komai a kansu ba. Na harba kowanne sau goma. Na ukun ya zauna mini a hannu kamar don ni aka ƙera shi: mariƙin siriri daidai tafina, ba nauyi, jan kuma sumul. Sai da na ce shi nake so ya nuna mini kwalin. Na yi turus. Na ce zan yi shawara, na fita na zauna a mota kusan rabin awa ina tunanin abin da mutanenmu za su ce. Da na kawo shi gida uwargida ta karanta kwalin ta ce, "Maigida, ashe tsaraba ka yo mini?" Ta yi mako tana dariya. Da naman farko ya shigo firji dariyar ta koma tambayar yaushe zan sake fita.

Abin da ake kira bakan mata ba wani abu ba ne illa baka da aka tsara tayoyinsa don gajeren ja, galibi daga inci ashirin da 'yan kai zuwa 27 ko 28, nauyin ja kuma ya tsaya a 50 ko 60. Kamfanoni irin su Mathews da Hoyt da Bowtech duk sun fitar da irinsa, kuma ana samunsa baƙi ko mai launin daji. Gudun da ake rubutawa a talla da laba 70 da ja inci 30 da kibiya marar nauyi ake auna shi. Duk incin da ka rage, kusan ƙafa 10 a daƙiƙa ke tafiya. To mai jan 26 da ya sayi babban baka aka matse masa shi zuwa ƙarshen ƙasa, lambar da ya biya wa kuɗi ba zai taɓa ganinta ba, ga nauyi ga kaurin mariƙi. Gara wanda tun asali don hannunsa aka yi.

Ɗaya daga cikin ukun nan na bana, jansa 25 da rabi, da na ba shi nawa ya gwada ya zuba kibiya biyar wuri ɗaya. Da ya ji na mata ne sai ya ajiye ya ce, "Haba Yaya, ai sai a yi da ni." Na ce wa zai yi da kai, barewa? Karatu take yi? Ya tafi da nasa na inci 29, yana nan yana shan bulala. Amma fa in janka ya wuce 28, wannan shawara ba taka ba ce, zai yi maka kaɗan, kuma gajarta ma ciwo ce. Wanda kuma bai san inda zai tsaya ba, ko yaro mai tasowa, akwai masu faɗin saiti irin Diamond Infinite Edge Pro, daga inci 13 zuwa 31, laba 5 zuwa 70.

Sauran ƙanana ne. Duba idon da ya fi rinjaye kafin ka zaɓi na dama ko na hagu, ido ake bi ba hannun cin tuwo ba. Kada ka sayi kibiya don kyan fentinta, taurin jikinta ya dace da nauyin janka da tsawonta. In na hannu za ka saya, ka tambaya ko ana iya canza tsawon jan ba tare da sayen sababbin tayoyi ba, ka kuma bi hannayen bakan da auduga, in ta maƙale akwai tsagewa. Ka yi atisaye da rigar da za ka shiga daji da ita, ba da singileti ba.

Sannan kada ka miƙa wa baƙo bakanka ba kibiya a kai. Kowa in ya riƙa sai ya ja, in ya ja sai ya saki, ƙarfin da ya kamata kibiya ta ɗauke ya koma cikin bakan. Ranar wata walimar suna wani ya yi mini haka a gareji, tsirkiya ta tsinke, taya ɗaya ta lanƙwashe, saura kwana tara a buɗe farauta a ƙarshen Satumba. Tun ranar nake ɗaure tsirkiyar da igiyar roba in na rataye shi, makullin garejin kuma yana aljihuna.