Yadda za ka karanta kwas ɗin matsalolin ƙwaƙwalwa a aji ɗaya

Don Allah kar ka fara da haddace jerin alamomi daga handawut, wallahi za su cakuɗe maka ranar jarabawa. Fara da sanin littattafai biyu da likitoci ke aiki da su, DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka da ya fito a 2013, sai ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da ya fara aiki a 2022.

Duk cutar da ka ɗauko ka tambayi kanka tun yaushe abin ya fara, ya hana mutum aiki ko karatu ko zama da iyalinsa, sannan ba ƙwaya ko wani ciwon jiki ne ya jawo ba? Ɗauki ciwon damuwa, DSM ya ce alamomi biyar cikin tara na aƙalla sati biyu, kuma dole a ciki a samu ƙuncin rai ko mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da. Sikizofireniya, cutar da mutum kan ji ko ya ga abin da babu, sai ta kai wata shida, ADHD kuwa, wato matsalar rashin natsuwa da kasa mayar da hankali, sai alamun sun bayyana kafin shekara 12. Ka ware shafi guda ka rubuta waɗannan lokutan kawai, nan ake yawan faɗuwa.

In kun zo kan otizim (matsalar mu'amala da magana tun yarinta) da ADHD da matsalar karatu ta disileksiya sai ka rage gudu, don a nan ne za ka haɗu da ra'ayin da ake dangantawa da Judy Singer ƴar Ostireliya tun ƙarshen shekarun 1990, cewa ƙwaƙwalwar mutane kala-kala ce, ba kowane bambanci ne cuta ba. Ni na yarda da wannan sosai, amma kar ka manta akwai yaron da ba ya magana kuma iyayensa za su kula da shi har girmansa, to a amsarka ka kawo ɓangarorin biyu.

Za ka ji kamar duk alamun kana da su, wannan ya saba faruwa da ɗalibai, in abin ya dame ka je ka ga likita. Kuma kar ka fara liƙa wa ƴan ɗakinku cuta.

Ka nemo dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Najeriya ta sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ka karanta haƙƙin marasa lafiya da ke ciki, musamman mu da a gida sau da yawa sai an gama zagayen masu magani ana cewa aljanu ne kafin a kai mutum asibiti.