Yadda Ake Zagayawa da Baƙo Gidajen Tarihi a Legas

Wanda ya daɗe a Agege ko Idi-Araba ya san yadda abin ke farawa. Baƙo ya zo daga gida, ya huta, ya ga teku, sai ya ce, "Ni fa ba zan koma ba sai na ga motar Murtala." Kai kuma don ka burge shi sai ka lissafa masa wurare biyar a yini ɗaya. Nan ne kuskuren yake, kuma ni ma na yi shi. Shekarun baya na ɗauki kawuna da 'ya'yansa biyu, na ce za mu yi Onikan, mu wuce Lekki, mu rufe da Badagry. La'asar ta same mu a cikin gosulo, yara sun galabaita, kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan shi ne tarihin?" Wuri ɗaya muka gani, shi ma a tsaitsaye.

Don haka matakin farko, kafin maganar mota ko kuɗi: ka zaɓi ɓangare ɗaya na gari, ka tsaya a kansa. Idan karon farko ne, Onikan za ka nufa, ba sai an yi shawara ba. A nan Gidan Tarihi na Ƙasa yake, wanda wani Bature ɗan Ingila, Kenneth Murray, ya kafa a 1957, tun Legas na babban birnin ƙasa (sai a 1991 aka koma Abuja). Tsallaken titi akwai Cibiyar John Randle ta tarihi da al'adun Yarabawa, dandalin Tafawa Balewa na gefe, Freedom Park kuma na kan titin Broad. Duk da ƙafa ake haɗa su.

Ranar Asabar ta fi, kuma ku fita da zarar an idar da sallar asuba an karya. Duk abin da zai kai ka Obalende ko CMS ya yi, danfo (ƙaramar bas ta haya) ko BRT (doguwar bas), amma in BRT ce ka tabbata akwai kuɗi a katin Cowry ɗinka, wato katin biyan kuɗin mota, tun daren jiya, kada ka tsaya layin lodi da baƙo a bayanka. Kar ka sa rai da okada, an hana su a wannan yankin. Ka riƙe canji a aljihu, don kuɗin shiga ba wani mai yawa ba ne, kuma jiran taransfa ta shiga a bakin ƙofa ɓata lokaci ne kawai. Ruwan sha ma daga unguwa za ka saya, ya fi araha.

To an iso. Abin da na ga mutanenmu na yi kullum shi ne, daga ƙofa sai su tambayi inda motar take, su ruga can, su yi minti goma, su fito su ce sun ga gidan tarihi. Ni dokata ita ce mota a ƙarshe. In baƙo ya fara da ita, jikinsa zai yi sanyi, komai ya gani bayanta ba zai shige shi ba.

Ku fara da kayan Nok. Waɗannan kawuna ne na yumɓu da aka gasa, sun haura shekara 2,000, kuma daga kudancin Kaduna suka fito, inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928. Ka sa baƙo ya matso ya dubi idon: kusan kusurwa uku ne, da rami a tsakiya, ga kitso an tsara shi dalla-dalla kamar jiya aka tashi daga wurin mai kitso. Daga nan sai tagullar Binin da ta Ife, sai dodannin rawa da kayan sarauta na ƙabilu daban-daban. Akwai dattijon da zai ga siffofin mutane ya ɗan ja baya ya ce gumaka ne. Kar ka yi masa gardama. Ka ja shi wajen tufafi da makamai da kayan sana'a, zai sake.

Idan jami'in gidan ya ce zai zagaya da ku, ku yarda. Rubutun da ke jikin gilashi gajere ne, labarin yana bakin waɗannan ma'aikatan. Ihsanin da za ka yi masa a ƙarshe bai kai kuɗin farantin shinkafa biyu ba. Kuma ka gargaɗi yara tun a waje: ba a taɓa kaya, ba a ɗaga waya a ɗauki hoto sai an tambaya.

Sai motar. Baƙar Marsandi ce, wadda aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, yana hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan, a yunƙurin juyin mulkin da Dimka ya jagoranta. Ramukan harsashi na nan a jikinta. A nan ka yi shiru, ka bar baƙo ya kalla. Kawuna, da duk gajiyar ranar, hularsa ya gyara ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, sannan ya ciro naira ashirin ya nuna wa yaran fuskar da ke jiki. In kun fito ka nuna masa cewa Obalenden da kuka sauka ɗazu, barikin na nan kusa da ita.

Azahar ta yi ke nan. Babban Masallacin Legas na kan titin Nnamdi Azikiwe, in kuma baƙon mai son tsofaffin gine-gine ne, ka kai shi Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Bayan an ci abinci, in da sauran ƙarfi, ku shiga Freedom Park. Tsohon kurkukun Turawan mulki ne, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, aka mayar da shi wurin shaƙatawa a 2010. Akwai inuwa da wurin zama. Ƙarfe huɗu ku kama hanya, kafin gada ta cika.

Sauran wuraren kowanne da ranarsa. Gidan zane na Nike da ke Lekki bene ne hawa-hawa cike da zane da sassaƙa da rini irin na Yarabawa, adire, wanda duk Bakano zai tsaya ya gwada da na Ƙofar Mata. Shiga kyauta ne, amma kayan na sayarwa ne, kar ka tambayi farashi in ba ka shirya ba. Badagry kuwa, da kayan tarihin cinikin bayi da benen da aka gina a 1845, yini guda take ci cur, kuma da yara ƙanana ban ba ka shawara ba.