Darasi na 7: Rainon furen guloksiniya a cikin ɗaki

'Yan uwa, wannan furen asalinsa daga Barazil ne, ganyensa kamar karammiski, furensa kamar ƙararrawa, akwai ja akwai fari akwai shunayya. A ƙarƙashin ƙasa yana da saiwa mai kauri kamar ɗan dankali, to ita ce uwar abin, in ta ruɓe shikenan.

Ki samu tukunya mai huji a gindi, faɗinta kamar santimita 15, ki zuba ƙasa mai taushi irin wadda masu mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, ke cewa bitmos. Ki duba dankalin da kyau, gefe ɗaya yana da ɗan loko, wannan lokon shi zai kalli sama kuma kar ki binne shi can ciki kamar gawa, a daidai saman ƙasa kawai.

Zafin da yake so daga digiri 18 zuwa 24 ne, kin ga kenan ranar Jidda ba sa'arsa ba ce, balle ta Makka. Ki aje shi kusa da taga mai labule, ya ga haske amma rana kar ta taɓa shi, kuma ban da gaban mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don iskar nan busar da shi take tun kafin furen ya buɗe.

Ban ruwa nan ne ake yawan kuskure. Kar ki zuba a kan ganye, tabo yake yi, in kuma ya kwanta a tsakiya sai ruɓa. Ki zuba a faranti ki ɗora tukunyar kamar minti 20 ta sha ta ƙasa, sai ki zubar da sauran. Ruwan firij kuwa a'a. Taki na ruwa kaɗan duk sati 2 in yana fure.

Bayan ya gama fure ganye zai yi rawaya ya bushe, ni dai na farkon da na saya a shara na jefa shi wallahi ina ta jin haushin riyal ɗina, ashe barci yake. Ki rage ruwa har ki daina, ki tura tukunyar lungu mai sanyi wata 2 zuwa 3, ranar da kika ga ɗan tsiro ya leƙo sai ki canza masa ƙasa ki dawo da shi taga.

Aikin gida: ki rubuta ranar da kika shuka a takarda, ki manna a jikin tukunyar.