Kurakuran da sababbin mawaƙa ke yi in an kira su wasa a cikin gida

Satin da ya wuce na je wata 'yar walima a unguwar Hanwa a Zariya, yara uku suka zo yin wasa, muryar mai waƙar wallahi garau take, amma kafin minti ashirin dattawan da ke falon duk sun sulale waje. Na gaji da jan kunnen mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Sifika ce ta kore su. Falon da bai fi cin mutum talatin ba ka kwaso manyan sifiku biyu irin na taron siyasa, don me? Ni ma na yi wannan a 2017 a wani gidan suna a Tudun Wada, na yi hayar amfilifaya, na dasa janareta a zaure, ga bangon siminti ga tayil a ƙasa, sauti yana dukan bango yana dawowa ba wanda ke jin baiti ko ɗaya, sannan na tsaya da makirfo daidai gaban sifika sai ta saki wata irin ƙara mai huda kunne, jaririn da aka taru dominsa ya tsala kuka, maƙwabci ya aiko cewa babansu ba shi da lafiya. Maigidan ya matso ya ce min a hankali, "Malam, a haƙura haka nan." Bayan nan sun yi biki uku a gidan, ko ɗaya ba su neme ni ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Yanzu ina zuwa awa biyu kafin baƙi, in tsaya tsakiyar ɗakin in tafa hannu in saurara. In ya yi amsa-kuwwa sai in roƙa a bar labule a sake, a shimfiɗa darduma. Sifika ɗaya ƙarama mai batir nake ɗauka, in ajiye ta gaba da ni tana fuskantar mutane, makirfo yana bayanta. Sau da yawa ma ba na kunnawa. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi kaɗai yake riƙe mutane a zamaninsa, kai kuma ɗaki ƙafa goma sha biyu ya fi ƙarfin muryarka? Haba.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo, wato kiran suna. A fili in ka yi kuskuren kirari hayaniya ta haɗiye shi, a tsakar gida kuwa kowa ya ji, kuma duk dangi ne, sun san abin da ke tsakaninsu. Na taɓa wasa wata Hajiya a Gyallesu na jingina ta da sunan mijinta, ashe auren ya mutu wata huɗu da suka wuce, ga matar da ya aura daga baya zaune kusa da ita. Tsit wajen ya yi. Na ga Hajiyar da na wasa ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta laluba takalminta ta fita, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani yaro a ƙofar gida ne ya ba ni sunayen ni kuma ban bincika ba. Don Allah ku daina karɓar suna a bakin ƙofa! Ni uwargidan nake nema ko babbar yaya, in gaishe ta, in ce "Hajiya, wa da wa za a ambata, wa za a fara, wa za a bari?" In rubuta a takarda in ba ɗan amshina ya riƙe. Wanda ba ya cikin takardar ko dubu goma ya liƙa min, godiya zan yi masa da sunansa kawai, ba zan shiga asali ko aure ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka dogara da liƙi, ka yanke kuɗinka tun farko a tura rabi, wanda ya yi wasa farkon 2023 lokacin da takardun naira suka yi wuya ya san abin da nake nufi. Ka san lokacin salla, ka sauke waƙarka kafin a kira magariba, kada ladan ya tarar da kai tsakiyar baiti. Da damina fatar kalangu saki take yi, ni ina ɗan gasa ta nesa da garwashi. Da hunturu jita ba ta zama a saiti, ka riƙa dubawa tsakanin waƙoƙi, kuma ka bar ruwan sanyi, ni citta da zuma nake zuwa da su a filas.

Sai masu ɗaukar bidiyo. Gidan mutane ne da matan aure a ciki, yaronka ya ɗaga waya yana zagaya fuskoki don a sa a TikTok ba tare da an tambayi kowa ba. Yarana tun a zaure nake karɓar wayoyinsu in zuba a jakar makirfo, sai mun fito kowa ya ɗauki tasa.